Kofin Nanaka

Kwanakin baya na shiga kasuwar Kurmi sayen kanumfari da kimba. Ina tsaye ina jira a auna mini, sai yaron rumfar ya kwance bakin wata leda yana nuna wa wata mata, ƙamshin ya taso ya doke ni. Ban san sa'ad da na dafa teburinsa ba. Shi ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, har ya jawo mini kujera. Da na tambaye shi abin da ke cikin ledar, sai ya ce ajwan ne, daga Indiya ake kawo shi, wai yana maganin ciki kowane iri. Na ce masa na san abin nan tun ba a haifi ubansa ba, kuma ya daina cewa kowane iri. Ya yi mini irin kallon da yaran yanzu suke yi wa tsohuwa mai surutu, ya ci gaba da cinikinsa.

A gidanmu nanaka muke ce masa. In ba ka taɓa ganinsa ba, 'yan ƙwayoyi ne da ba su kai gero ba, ruwan ƙasa, da zane-zane a jikinsu in ka ƙura ido. Ka tauna ya fara maka da ɗaci, sannan yaji, sannan harshenka ya mutu na ɗan lokaci. Ƙamshinsa kuwa ba ya ɓuya. Ko a gwangwani aka rufe shi, aka naɗe da tsumma, aka tura ƙasan akwati, sai ya fito ya tare ka a bakin ƙofa. Ni dai ba na son sa, kuma zan gaya maka dalili.

Gidanmu yana Kabara, can cikin wani lungu da in mai tallar ruwa ya shigo dole ka manne da katanga ya wuce. Babbar gidan ita ce kakata ta wajen uba, wadda kowa yake ce wa Hajiya. Kakanta Balaraben Tarabulus ne, cikin fataken da suka zo Kano da kaya suka ƙi komawa. Kafin a zo kanta Larabcin ya ƙare, abin da ya bar mata shi ne farar fata, da dogon hanci, da jerin gwangwanaye a ƙarƙashin gadon ƙarfe, kowanne da irin ƙwayar da ke ciki da sunan da ba kowa ke iya faɗa ba. Akwai hulba, akwai shammar, akwai habbatus sauda. Amma wanda matan unguwa suka fi zuwa nema shi ne nanaka, don a lokacin ba a cika samunsa a kasuwa ba, sai in wani ɗan'uwa ya taho da shi daga gabas.

Babu abin da ban ga ta yi da shi ba. Wanda ya ci wake ya kumbura, ta ba shi ɗan kaɗan da gishiri ya tauna, kafin ya kai zaure ka ji ya yi gyatsa. Jaririn da mura ta toshe wa ƙirji, ta soya ƙwayoyin a kasko ba mai, ta ƙulle a farin ƙyalle, ta gwada ɗumin a kumatunta, sannan ta riƙa ɗora masa. Mai ciwon haƙori ta sa ya kurkure baki da ruwansa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ta dafa musu shi a man shanu su shafa. Babban aikinsa kuwa na masu jego ne. Ta tafasa shi har ruwan ya koma kamar baƙin shayi, a ba wadda ta haihu, ta ce yana wanke mahaifa, yana kawo nono.

Saboda wannan aikin na ƙarshe ne take da tambayarta. Ka san mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita ga abu biyu. Mace ta shigo, ta gaisa, ta sunkuyar da kai ta ce a taimaka mata da maganin ciki. Hajiya ba za ta taɓa gwangwani ba sai ta ce:

"Wane cikin? Na tuwo ko na mutum?"

Matan su yi dariya, su rufe fuska da mayafi, amma sai sun amsa. In na mutum ne, ko ana zaton na mutum ne, ba ta bayarwa ko da za a yi mata kuka. Ta sha gaya mana cewa nanaka mai shara ne, in ya shiga mahaifa bai san abin da ya kamata ya fita da abin da ya kamata ya zauna ba. Duk unguwar an san wannan. Ni ma da ban fi shekara goma ba na san shi kamar yadda na san Fatiha.

Mace ɗaya ce a duk Kabara Hajiya ba za ta iya yi wa wannan tambaya ba, ita ce mahaifiyata, Umma. Dalili kuwa, Baba shi ne ɗanta na fari. Duk jinin Larabawan nan da ake faɗa, a kunyar ɗan fari Hajiya ta fi kowace Bakanuwa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce mutumin zaure. In ya shigo gaishe ta da safe, ta juya wa bango fuska ta amsa kamar mai amsa wa bangon. Da ya yi rashin lafiya har aka fid da rai, an ce ko leƙa ɗakin ba ta yi ba, tana can tana jan carbi, hawaye na zuba, amma ba ta tambayi kowa jikinsa ba. To wadda ba ta tambayi jikin ɗanta ba, ta yaya za ta buɗe baki ta tambayi matarsa ko tana da ciki? Umma kuma ba ta ɗaga ido a gaban Hajiya. Tsakaninsu akwai ƙauna, wannan na shaida. Umma ce ke yanke mata farce, ita ke wanke mata kai. Amma duk a shiru ake yi.

Ni kaɗai ce a ɗakin Umma. Bayana ta sha samun ciki, kowanne ya zube. Na tuna yadda abin yake tafiya. Labari ya fita, mata su fara shigowa suna tsokana, Baba ya riƙa dawowa daga kasuwa da tsire a takarda, sannan wata rana a kore ni gidan maƙwabta, in dawo in tarar da Umma kwance ta juya baya, an wanke tabarma an shanya. Daga nan aka jima ba a sake jin komai ba, har mutane suka cire rai, suka daina tsokanar.

A shekarar da nake ba ka labari, idon Hajiya ya gama tafiya. Yana ce ta rufe shi a hankali, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Ni na zama mai ja mata gora. In za ta kewaya ko za ta fito shan iska, sai ta ce ina sandata, in zo ta dafa kafaɗata. Hancinta da hannunta ba abin da ya same su. Ta sa yatsu a gwangwani ta gaya maka abin da ke ciki. Amma matan unguwa suka fara ja da baya. Aka riƙa raɗe-raɗin cewa makauniya za ta iya haɗa wannan da wancan, a je neman lafiya a sha ajali. Masu zuwa suka ragu, suka ragu, har wuni yakan wuce ba wadda ta yi sallama don magani. Hajiya sai ta riƙa jawo gwangwanayen tana buɗewa tana shinshinawa tana mayarwa. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Damina ce mai nauyi aka yi. Katangun ƙasa suka sha ruwa suka yi baƙi daga gindi, ɗakuna suna warin danshi, tufafi ba sa bushewa. Kududdufin bayan unguwa ya cika har ya fara lasar lungu. Kusan kowace safiya ka ji an ce soron wane ya zauna, ko katangar su wance ta faɗa wa awaki. Mutane suka riƙa kwana suna sauraron azara. A cikin wannan ne na lura Umma ba ta da lafiya. Da asuba ta fita bayan ɗaki ta yi amai a hankali, ta rufe da toka. Ba ta son warin daddawa. Tana ɓoye tsamiya a gefen zani tana tsotsa. Na ga irin wannan a da, don haka wata rana muna ɗaki mu biyu na tambaye ta ko ƙane za ta haifa mini.

Ta toshe mini baki da tafin hannunta, har na ji zafi. Ta ce duk waɗancan bakin mutane ne ya cinye su, da an sani sai su tafi. Wannan ko Baba ba ta gaya wa ba, don ba za ta iya sake ganin fuskarsa in abin ya lalace ba. Za ta yi shiru har sai cikin ya faɗi kansa da kansa.

"In kika faɗa, zai tafi kamar sauran," ta ce.

Na yi mata alkawari. Na yarda da maganarta ɗari bisa ɗari, kamar yadda na yarda da ta Hajiya a kan nanaka. Ban san za a zo ranar da maganganun biyu za su yi karo ba.

Akwai ƙanwar Baba a gidan, Goggo, wadda aurenta ya mutu ta dawo. Mace ce mai kirki da hannun kyauta, amma abin da ta ji da hantsi, kafin azahar 'yan Kurmi sun ji. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ga Umma tana ramewa, tana barin tuwo, tana dafe ciki, nan take ta yanke hukuncin cewa kumburi ne da tsutsa. Ta shiga ɗakin Hajiya, ina zaune, ta ce matar Yaya cikinta ke damunta, a ba da nanaka a dafa mata mai ƙarfi.

Hajiya ta riga ta jawo gwangwanin, don ta jima ba a nemi komai a wurinta ba. Da ta ji ko wace ce, sai hannunta ya tsaya a kan murfin. Na ga leɓenta ya motsa. Na san tambayar ce ta zo mata baki, na kuma ga yadda ta haɗiye ta. Abin da ta iya cewa shi ne ko Umma ce ta aiko. Goggo ta ce wannan da ko wuta ce ta kama zaninta ba za ta yi magana ba? Ina jin lissafin da Hajiya ta yi shi ne, Umma ta san dokar nanaka, in da wani abu ai za ta san yadda za ta yi ta aiko da uzuri. Ta ɗebo ta zuba wa Goggo a tafi.

Ban taɓa jin tsoron ƙamshi ba sai ranar. Goggo ta ɗora tukunya, ruwan ya yi ta tafasa yana ƙonewa, ƙamshin ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakuna, ya kama labule. Hadari yana haɗuwa ta gabas, gari ya yi tsit ba iska. Ta tace a kofin tangaran ta kai wa Umma. Umma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce bari ya huce. Goggo na fita, Umma ta leƙa, ta zagaya bayan ɗaki ta juye a kwata, ta bi da ruwan buta. Ta dube ni, na dube ta.

Haka aka yi ta yi kowace safiya, har na fara sakin jiki. Na manta da hancin Hajiya. Wata rana ina jan ta zuwa kewaye, muka zo daidai kwatar, sai ta ja ta tsaya. Ta ɗaga kai ta shaƙi iska. Yatsunta suka nutse a kafaɗata. Ta tambayi wa yake zubar da nanaka a nan. Na ce ban sani ba. Goggo tana wanke-wanke ta ji, ta zo ta sunkuya, ta ga 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a gefen kwatar. Da ma ta yi shiru. Sai ta tafa hannu ta ce to ga shi nan, har a cikin gida ma an fara gudun hannun Hajiya.

Na sha tunanin wannan magana. Da Hajiya tana da idonta, da mata ba su guje ta ba, da ta ji warin nan take za ta gane dalilin zubarwar, don ba ta da wauta ko kaɗan. Amma an taɓa ta a inda yake mata ciwo, ba ta ga komai ba sai ciwon. Ta fasa kewayawar, ta ce in mai da ita ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba. Aka kai mata fura, ta ce ta ƙoshi. Washegari ma haka, aka dawo da kwanon tuwo yadda aka kai shi. Umma ta je ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta, ta amsa da kyau, ba faɗa, ba gori, amma muryarta ta zama ta baƙuwa. Umma ta dawo ɗaki ta zauna a bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa.

Da safiya ta sake yi, Hajiya ta sa aka fito da ita gindin murhu. Ita ta auna ƙwayoyin da yatsunta, ita ta riƙa sauraron tafasar, ita ta ce a sauke. Da aka tace ta ce a ba ta kofin. Sannan ta ce ina sandata.

Tsakar gidanmu ba wani faɗi gare ta ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Hannunta ɗaya a kafaɗata, ɗaya riƙe da kofi, tururin yana bugun kunnena. Ƙasa ta jiƙe, ana yayyafi, indararo yana ɗiga. A raina ina cewa in na yi magana ƙanena zai tafi, in na yi shiru ma zai tafi. Na yi kamar santsi ya kwashe ni, na ja ta gefe, don kofin ya faɗi. Ɗan kaɗan ya zuba mata a hannu, ya ƙona ta, amma ba ta saki ba. Ta ce in bi a hankali, akwai saura a tukunya.

Hajiya ba ta shiga ɗakin Umma, don ɗakin ɗanta ne. Ranar ta shiga. Umma ta zabura ta shimfiɗa mata tabarma, ta koma gefe ta durƙusa. Hajiya ta zauna, ta numfasa. Ta ce ta san abin da ake faɗa a unguwa, kuma ba ta ga laifin kowa ba, mai rai dole ya ji tsoron ransa. Sai ta kai kofin bakinta ta kurɓa, ta haɗiye, ta jira kaɗan. Sannan ta miƙa shi inda take jin numfashin Umma.

"Ga shi, na sha. Ban haɗa da komai ba."

Na buɗe baki. Umma ta juyo ta yi mini wani kallo da har yau in na rufe ido ina ganinsa, ta girgiza kai kaɗan. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta yi bismilla, ta shanye. Hajiya tana sauraron kowace haɗiya. Da ta ji kofin ya sauka a ƙasa, sai ta sa mata albarka, ta ce a kawo mata fura.

Daga ranar kullum Hajiya ke kawowa da kanta, ni ke jan ta, Umma kuma tana sha. Gidan ya koma daidai, Goggo tana ta murna ta shirya uwa da suruka. Ni kuwa na daina wasa. Na riƙa bin Umma da ido duk inda ta yi, ina duban zaninta ta baya. In ta daɗe a kewaye sai in je in tsaya a bakin ƙofa. Ta fara dafe ƙugu in za ta tashi. In an tambaye ta ta ce sanyin damina ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Umma ba ta iya fitowa shara ba, tana kwance ta naɗe, ta ce marar ce ke murɗa mata. Hajiya ta ce to a yi mata gashi. Ta soya nanaka a kasko, ta ƙulle a ƙyalle, na kai ta bakin gadon. Ta laluba ta ɗora ƙullin a cikin Umma, ta fara dannawa a hankali daga sama, tana gangarawa. Umma ta rufe ido, ba ta hana ta ba, ina jin ta gaji da ɓoyon. Da hannun ya isa ƙasan cibiya sai ya tsaya.

Ƙullin ya gangara ya faɗi ƙasa. Hajiya ta buɗe tafinta ta shimfiɗa shi a wurin, ta daɗe ba ta motsa ba. Hannun da ya taɓa cikin matan Kabara tun kafin a haifi Umma ba ya bukatar a gaya masa. Na ga fuskarta ta canja, farar fatar nan ta koma kamar toka.

"'Yar nan," ta ce, muryarta can ƙasa, "me ya sa?"

Hawaye suka gangaro wa Umma ta gefen ido. Da Hajiya ta janye hannunta ta dafa katifa za ta tashi, sai ta ji danshi. Ta kai yatsun hancinta.

Ba ta nemi sandarta ba. Ta miƙe ita kaɗai, ta laluba ƙofa, ta fita tsakar gida cikin ruwan da aka fara, ba ɗankwali, ba takalmi. Ruwan ya hana Baba fita kasuwa, yana zaure da baƙi. Ta tsaya ta fuskanci zauren, ta ɗaga murya ta kira shi da sunansa, sunan yanka, wanda aka raɗa masa. Ta sake kira.

Ban taɓa jin abin da ya firgita ni kamar wannan ba, har jinin ma bai kai shi ba. Sunan ya fito daga bakinta wani iri, kamar ba ta san yadda ake furta shi ba. Goggo ta saki kwano. Maƙwabta da suka jiyo ta kan katanga suka fara salati, don sun tabbata mutuwa aka yi, in ba mutuwa ba me zai sa Hajiya ta kira wannan suna? Baba ya shigo a guje ba hula, ya tsaya a gabanta yana kallonta. Ta ce ya nemo mota, matarsa tana da ciki, kuma yana zubewa.

Mota ba ta shiga lungunmu. A tabarma aka ɗauke ta, maza suna riƙe da gefe-gefe, ruwa yana gudu har idon sawu, aka fita da ita titin da ya nufi Ƙofar Ɗan Agundi. Ni aka bar ni da Hajiya. Ta ƙi komawa ɗaki, ta zauna a dakalin tsakar gida ruwa yana dukanta, har Goggo ta zo ta rufa mata bargo. Kafin la'asar Baba ya dawo shi kaɗai ɗaukar kaya. Daga baya muka ji cikin ya zube. An ce namiji ne, har ya fara kama siffa.

Likita ya gaya wa Baba cewa mahaifar da ta saba ɓari tana iya yi ba da wani dalili ba, babu mai iya rantsewa abin da aka sha ne ya jawo. Baba ya zo ya faɗi haka a bakin ƙofar Hajiya, da ƙarfi, kamar da Goggo yake magana. Hajiya ta ce likita yaro ne. Ta tura gwangwanayen can ƙuryar gado, ta ce kada wanda ya sake ambata mata magani.

Da Umma ta dawo gida, jikinta bai gama wankuwa ba, tana ta fama da ciwon mara. Kowa ya san abin da ake ba mace a irin wannan hali, ba kuma wanda ya isa ya faɗa. Umma ce da kanta ta lallaɓa, tana dafa bango, ta je ta durƙusa a ƙofar Hajiya, ta ce yanzu lokacinsa ne, a taimaka a dafa mata. Hajiya ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Amma ta dafa, Umma ta sha, ta kuma samu sauƙi. Hajiya ta rayu shekaru bayan wannan, a hannun Umma ta cika. Ba ta sake kiran sunan Baba ba, ba su kuma taɓa tayar da maganar ba, ita da Umma.

Yanzu gidan an rushe shi an yi na siminti, lungun an zuba masa kankare. 'Yan matan yanzu ciki bai kai wata biyu ba sun ɗauki hoton takardar asibiti sun tura wa dangi a waya, har da uwar miji. Ina jin tsofaffi irina suna tsaki, suna cewa kunya ta ƙare, ina ma mutanen da. In na ji haka raina ɓaci yake, don na ga abin da kunyar mutanen da ta ci a ɗakinmu. In kuma na ji yara suna dariyar mutanen da, suna cewa duhun kai ne, nan ma raina ya ɓaci, don ba su san su ba. Su da suke tura wa juna haɗin magani a waya, a tafasa wannan a sha safe da yamma, ba mai tambayar wa zai sha.

Umma tana nan da ranta, a wurina take, ta tsufa ƙwarai. Ban taɓa yi mata maganar ba sai bana, wata rana ina shafa mata mai a ƙafa. Na ce mata na daɗe ina jin haushinta. Kalma ɗaya ce fa, ta faɗa ta huta, ko ta bar ni ni in faɗa. Na ce tsoron bakin mutane ne, ko kunya ce ta sa ta shanye abin da ta san zai iya kashe mata ɗa?

Ta ce da farko tsoron baki ne, gaskiya. Amma ranar da Hajiya ta shigo ɗakin, ta riga ta yanke shawarar za ta faɗa, kalmar tana kan harshenta. Sai tsohuwar ta kurɓi kofin. Ta ce a nan ta ga cewa duk abin da za ta faɗa bayan wannan, ko gaskiya ne, a kunnen Hajiya uzuri ne na mai gudun hannunta, ga shi kwana biyu ba ta ci abinci ba.

"Na ce a raina, ɗa Allah zai ba ni wani. Ita kuwa in ta mutu da wannan a ranta, ina zan same ta in ba ta haƙuri?"

Na ci gaba da shafa mata man. Mu biyu mun san Allah bai ba ta wani ba.